Sanin Iska, Gwanintar Manoman Mirriya

A ƙasar Mirriya ba daga ranar da ruwa ya sauka ake fara lissafin damina ba, daga ranar da iska ta juya ake farawa. Wanda bai taɓa riƙe sungumi ba zai ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. Amma manomin da ya taɓa zuba irin gero a rami, ya ga tsiro ya fito kore shar, sannan ya dawo washegarin wata iska mai ƙura ya tarar yashi ya binne rabi ya ƙone rabi, shi ya san abin da ake nufi. Shi ya sa kusan kowane ƙauye yana da mutum ɗaya ko biyu da ake kallon ƙafarsu: in sun ɗauki iri sun nufi gona kowa ya bi, in sun zauna kowa ya zauna. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa su, ba a kuma biyansu. Shekaru ne suka nuna wa jama'a cewa ido da hancin mutanen nan ba su cika yin ƙarya ba.

Mirriya tana gabas da birnin Damagaram, tafiyar kilomita 20 ko ƙasa da haka, a kan babbar hanyar da ta ratsa Gure ta nufi Diffa. Tsohon gari ne, yana cikin ƙasashen Sosebaki tun kafin sarakunan Damagaram su yi ƙarfin da suka yi a ƙarni na 19. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta nan a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Baƙon da ya shiga kasuwar Lahadi ya ga rake da kayan lambu da tulin tukwane, ya ga itatuwan kuka da tsamiya, zai ce ai nan ƙasar ruwa ce. Kwari ne ke da ruwa. Da ka hau tudu sai jigawa, kuma can ne hatsin da ake ci yake fitowa. Ruwan shekara a yankin wajen milimita 400 ne, wata shekara ya haura, wata ya gaza nesa, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Gero kuwa yana son kimanin wata uku kafin ya nuna. Wanda ya yi gaggawa ya yi asarar iri, wanda ya yi nawa ruwa ya ɗauke masa gero na kan fidda kai.

Iska iri biyu ce ke rabon shekara a nan. Ta farko ita ce ta hunturu, mai fitowa daga arewa maso gabas, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Busasshiya ce ƙarau, ita ke fasa leɓe da dunduniya, ita ke kawo hazon da ke mayar da rana fara fat. Galibin ƙurar ba ta ƙasarmu ba ce. Daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, ana ce masa Bodele, inda ruwan tafkin Cadi ya taɓa kwantawa dubban shekaru da suka wuce, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da gudu ta kwashe ta. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ke tayar da ƙura kamar wannan kwari, har wani kaso nata yana ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon.

Iskar hunturu tana da lokutanta a cikin yini, kuma mata sun fi kowa saninsu. Da asuba shiru. Da hantsi sai ta taso, ta yi ƙarfi har wajen azahar, da la'asar ta fara lafawa. Dalili shi ne da dare iska mai gudu tana can sama, ƴan ɗaruruwan mitoci daga ƙasa, ba ta taɓa mu. Sai rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa da ta sama suka cakuɗa, sannan gudun ya sauko. Mace mai shiƙa ba ta taɓa jin wannan bayani ba, amma dubi yadda take aiki. Ta ɗebi ɗan ƙaiƙayi ta saki ta ga inda ya nufa, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga ƙwarya daidai ƙarfin iskar. In iska ta yi rauni ta ƙara ɗagawa, in ta yi ƙarfi ta sauke hannu don kada tsaba ta bi ƙaiƙayi, in ta wuce misali ta rufe hatsinta ta jira. Cikin sa'a guda za ta sauya tsayin hannunta sau da dama ba tare da ta daina hira ba. Ni dai ban ga na'urar da ta fi wannan hannu saurin amsawa ba. Masu gasa tukwane a fili su ma ba su son iskar hantsi, don tana sa wuta ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, kuma duk uwar gida ta san cewa garwashin da aka bari kusa da dannin kara a irin wannan lokaci gobara ce ake kira.

Daga nan sai bazara, kuma a nan ne gwani ke rabuwa da sauran mutane. Cikin Afrilu da Mayu zafi yana kai wa maƙura, iskar gabas ta raunana, wasu ranaku ma ganye ba ya motsi. Sai wata asuba mutum ya fito alwala ya ji wata iska a wuyansa daga kudu maso yamma, mai ɗan sanyi, mai nauyi. Ita ce ta biyu, iskar damina, daga tekun Gini take, ta ratso Najeriya gaba ɗaya. Zuwanta na farko leƙe ne. Da dare take kutsowa arewa, rana na yi ta ja da baya, ta bar wa busasshiyar fili. Saboda haka masanin iska da asuba yake dubansa, ba da rana tsaka ba, kuma abin da yake ƙirgawa shi ne safiya nawa a jere ta zo, da kuma ƙarfe nawa take kaiwa kafin ta janye. Ranar da ta wuni ba ta janye ba, ya san an shiga wani zango.

Ba fatar jikinsa kaɗai yake tambaya ba. Randar Mirriya da ke sa ruwa ya yi sanyi ƙalau da hunturu, domin busasshiyar iska na shanye gumin da ke tsattsafowa daga jikinta, yanzu sai a ga bayanta ya zauna da damshi, ruwan kuma bai kai sanyin da ba. Kantun gishiri ya fara laushi. Igiyar fata da ta ƙandare ta saki, makaɗi ya ji gangarsa ta yi sanyin murya. Kuka ta fara toho ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Gawo kuma, da yake shi kullum saɓanin sauran itatuwa yake yi, ya kama zubar da ganye. Sai shamuwa ta iso daga kudancin Afirka ta fara ɗaukar kara tana gyara sheƙa a itacen tsakar gari. Ko ɗaya cikin waɗannan bai isa hujja shi kaɗai ba, kuma gwani ba ya dogara da ɗaya. Yana tara su ne, ya ga ko sun yarda da juna.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, ainihin abin da tsohon nan ke bi da hanci shi ne ma'aikatan meteyo, wato masu hasashen yanayi, ke bi da taswira. Suna auna laimar iska da inda take fitowa a tashoshi daban-daban, su ja layi a inda busasshiyar iska da mai laima suka haɗu. Layin nan yana hawa arewa sannu a hankali daga bakin teku, ya ƙetare Kano, ya ƙetare Damagaram, a watan Agusta ya wuce Agadas, sannan ya juyo. Kuma sun tabbatar da cewa ruwa na sosai ba a kan layin yake sauka ba, yana baya da shi da ɗaruruwan kilomitoci, inda iskar mai laima ta yi kauri. Ma'ana, iska tana riga ruwa isowa da makonni. Tsofaffi sun san wannan tazara tun ba a ƙera ma'aunin laima ba, kuma a kanta suka gina haƙurinsu.

Haƙurin nan shi ne rabin gwanintar. Ruwan farko mayaudari ne. Yakan sauka a Mayu ko farkon Yuni, ƙasa ta yi ƙamshi, yara su yi ta tsalle, sannan sama ta rufe bakinta mako biyu ko uku. Hausawa ba su yi wa mai rawar jiki da sauƙi ba, suka ce ganin hadari ya sa wanka da kashi. Irin hirar da za ka ji a zaure bayan irin wannan ruwa ba ta da tsawo. Saurayi ya ce, “Baba, ruwa ya sauka, ba za mu fita da iri ba?” Tsoho ya ce, “Je ka tona ka gani, ɗana. In laima ba ta kai taƙi ba, bar irinka a rumbu.” In ta kai ma bai gama ba, sai ya duba da wace iska gari ya waye. Idan ta gabas ce ta dawo, busasshiya, to ruwan jiya baƙo ne, ba mazauni ba.

Malaman aikin gona suna da tasu ƙa'idar: a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku, wanda dogon fari bai biyo bayansa ba. A ƙasa mai yashi kuwa, milimita 20 yana jiƙa kusan taƙi guda ne. Hannu da ma'auni sun faɗi abu ɗaya.

Akwai masu yin binne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa su bar iri yana jiran ruwa. Wanda gonarsa ke da faɗi, ko ke da nisa, ko ba shi da hannuwa da yawa, yana da hujjarsa, domin in ruwa mai kyau ya zo ya riga kowa. Amma in yayyafi ne ya zo, iri ya tsira ya mutu, ga kuma ɓera da tsuntsu da zafin ƙasa. Gwanaye da yawa sukan raba ƙafa: su binne wani yanki, su riƙe sauran iri. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin tabbas ba. Mutumin da ya san iyakar saninsa ne.

Sai hadari kansa, wanda a nan ne ilimin ƙauye ya fi kaifi. Yaro ma ya san hadarin da ake jira daga gabas yake tasowa. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, iskar da ke kaɗawa a ƙasa daga yamma take, ƙananan gizagizai ma gabas suke nufa, amma babban hadarin ya taho ta kishiyar hanya. Sirrin yana sama: kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa akwai wata iska mai gudu daga gabas, ita ke tura manyan hadura zuwa yamma, suna tafiyar wajen kilomita 50 a sa'a, a jere, wani lokaci faɗinsu ɗaruruwan kilomitoci. Mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu daga irin waɗannan yake fitowa, kuma a tsakiyar damina sukan biyo juna bayan kwana uku zuwa biyar. Magina sun daɗe da sanin haka. Dubi tsofaffin gidajen ƙasa, bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe kafin damina.

Ranar da hadari zai zo, gari yakan wuni da zufa mai danƙo. Can da la'asar ko da dare iskar yamma ta ɗauke ɗif. Gwani ya dubi gabas ya fara tantancewa. In abin da ya taso ja ne tun daga ƙasa har sama, babu duhu a bayansa, to ƙura ce, a ɗaure rufin rumbu a shigar da awaki, amma kada a fitar da randa. Wannan ya fi faruwa a farkon damina, lokacin da iskar da ke ƙarƙashin girgije ba ta jiƙa ba, ruwan ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, sanyinsa kaɗai ya faɗo ya tayar da yashi. In kuwa bayan jan akwai baƙi mai kauri, gindinsa a shimfiɗe, walƙiya na wasa a cikinsa, tsawa na gurnani ba ta yankewa, sannan iskar farko ta iso da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, to an yi ruwa a kusa, kuma yana tafe. Daga isowar iskar zuwa ɗigon farko mintoci ne. Cikinsu ake kwashe shanya, a kira yara, a rufe wuta. Iska na wahal da mai kayan kara, in ji masu magana, kuma wanda bai gane alama ba a wannan lokaci shi ne mai kayan karan.

Malaman addini ma suna da nasu kason. Lissafin taurari ya raba shekara gida 28, kowane tauraro kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, a tashi da 365. Bakwai na damina ne, daga Haƙ'a da Han'a da Zira'a har zuwa Jabha da Harsan. Manomin da bai yi karatu ba shi ma yana duban Kaza da Ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya: ɓacewarta a yamma da sake fitowarta a gabas da asuba suna faɗuwa ne a bakin damina. Amfanin wannan lissafi shi ne yana bin rana, ba ya zagayawa kamar watannin Musulunci, don haka yana gaya wa mutum inda shekara take. Malaman suna jan kunne cewa tauraro ba ya saukar da ruwa, alama ce ta lokaci kawai, kuma ba za ka ji masanin iska na kirki ya rufe magana ba tare da “in Allah ya yarda” ba. In sama ta ƙi, shi ne a sahun gaba ranar roƙon ruwa.

Mutanen wannan ƙasa ba su tsaya ga sanin iska ba, sun koyi karya ta. Yawancin yashin da iska ke kwasa ba ya wuce gwiwa a tsayi, daidai inda ɗan tsiron gero yake, shi ya sa yake yanka shi ya binne shi. Duk abin da ya tsaya a gona yana rage wannan gudu: karan da aka bari a kwance, kututture, sabara, kalgo, balle gawo. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Daga baya itatuwa suka yi ƙaranci, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya fara, manoma suka koma shuka sau biyu, sau uku a shekara guda saboda yashi. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai suka fara barin tohon da ke fitowa da kansa a gona, suna sassabe shi da dabara maimakon su tumɓuke. Wani bincike na 2006 ya gano cewa a Magarya da Matamaye da Mirriya kaɗai an farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 1, kuma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna wajen hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Ba gandun gwamnati ba ne, gonakin talakawa ne. Inda itatuwa suka dawo, manoma sun shaida cewa maimaita shuka ya ragu.

To ina matsayin hasashen rediyo? Kada a raina shi. Damagaram tana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana auna ruwan sama a Nijar, tun 1905. An kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, bayan babban fari, kuma tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara kafin damina su faɗi yadda suke ganin za ta kasance. Suna ganin abin da ba a gani daga kan jigawa: zafin ruwan teku, ƙurar da ta tashi a Bodele jiya wadda za ta iso gobe, hadarin da ya haɗu a Cadi. A 2024 sun yi gargaɗin ruwa mai yawa, aka kuwa yi shi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Wani bincike da aka fitar a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Tsohon da ya koyi sama a wajen kakansa yana bukatar jin wannan, domin samaniyar da ya gada ta ɗan sauya hali.

Amma hasashen ofis na yanki ne, kuma da “mai yiwuwa” yake magana. Zai ce za a yi ruwa a jihar Damagaram, jihar da ta miƙe daga iyakar Najeriya har cikin hamada. Ba zai ce maka ruwa zai jiƙa garin Gidimuni ya tsallake gonarka ba, alhali haka ruwan ƙasar nan yake, ya sauka a wannan ƙauye ya bar na kusa da shi da ƙura. A sa'o'i biyun ƙarshe, da kuma a kan tambayar ko a shuka yau ko a jira, mutumin da ke tsaye a gonar ya fi kowa gani. Wayar salula ma ta ƙara masa tsawon ido: ɗan'uwa a Gure ya kira ya ce hadari ya wuce su da ruwa, mutumin Mirriya ya san yana da sa'a biyu zuwa uku.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan sani suna tsufa, samari kuma da rani suna Kano ko Agadas ko Libiya wajen ci-rani, ba su nan lokacin da iska ke juyawa, balle su koyi gane ta. Ilimin ba a rubuce yake ba, a tsaye ake koyonsa, da asuba, kusa da wanda ya iya. Ina kira ga gidajen rediyon karkara na jihar Damagaram: idan za ku karanta hasashen meteyo a watan Mayu da Yuni, ku zaunar da dattijon manomi ko tsohuwa mai shiƙa kusa da mai karantawa, a ji abin da kowannensu ya gani. Ma'aikatan gona kuma su kai ma'aunin ruwa kowane ƙauye, su damƙa shi a hannun mutumin da jama'a suka riga suka saba kallon ƙafarsa, su haɗa shi da ɗan makarantar da zai riƙa rubuta ranar da iska ta juya da ranar da aka yi shuka.